MAI RIƘON DUKIYAR JAMA'A BA YA GAMA KARATU

Matanin laccar da aka gabatar ga matasa ma'aikatan banki, da masu sana'ar POS, da ma'ajin ƙungiyoyin gama kai a Birnin Gwari

  

An nemi in yi magana a kan amfanin ƙaro ilimi ga wanda ya riga ya kama aiki a harkar kuɗi. Wani zai ce, to Malam, mutumin da ya yi difloma ko digiri, ya sami abin yi, wane karatu kuma ya rage masa? Wannan tambayar nake son mu tsaya a kanta.

Babu wanda zan ba labarin abin da ya sami ƙasar nan. Tun daga harin Dogon Dawa a shekarar 2012 zuwa na Gwaska a 2018, dazukan Kamuku da Kuyambana sun zama mafakar 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta zama abin da ta zama. A 2021 gwamnatin jiha ta hana cin kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya kusan wata biyu. A watan Nuwamba na 2024 ne Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar kara, bayan ta shekara da shekaru a rufe. Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. To amma duk inda kasuwa ta ci, kuɗi za su motsa, kuma ta hannunku za su bi.

A cikin waɗannan shekarun da hankalinmu ya tafi ga jana'iza da gudun hijira, aikin kuɗi bai tsaya jiranmu ba. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, wanda shi ne asalin sana'ar POS. A 2014 aka shigo da lambar BVN. A 2022 aka yi sabuwar dokar hana halatta kuɗin haram, aka kuma sauya fasalin naira. A 2024 aka ce kowane mai POS ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, a ƙarshen shekarar kuma aka ƙayyade yawan tsabar kuɗin da zai ba mutum ɗaya a rana. Wanda ya bar makaranta a 2010, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu, babu ko guda daga cikin waɗannan a littafin da ya karanta.

Bari mu ɗauki dokar 2022 ɗin nan, domin ita ta fi kusa da wuyanmu. Dokar ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Kamfani kuma miliyan 10. Ku da kuke shiga kara kun san cewa cinikin tirela guda ta shanu ya zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Dokar ta kuma wajabta wa cibiyoyin kuɗi su san wanda suke hulɗa da shi, su adana bayanansa, su kai rahoton duk wata hada-hada mai shubuha ga hukumar NFIU. Yanzu ku duba halin yaron da yake zaune a rumfa da na'urarsa. Wani ya zo ya ce, za a turo mini kuɗi ta asusunka, ka ba ni tsaba, ga ladanka mai tsoka. Bai tambayi suna ba, bai rubuta komai ba. Bayan wata uku sai jami'an tsaro su biyo sawun kuɗin fansa, sawun kuwa a asusunsa ya tsaya. Yaron nan bai taɓa riƙe bindiga ba, wataƙila ma an taɓa sace wani nasa. Amma da me zai kare kansa? Wanda ya zauna aka karantar da shi yana da littafi: ga rana, ga suna, ga lambar waya, ga ranar da na sanar da bankin da nake wakilta. Wannan littafin shi ne zai mayar da shi gida wurin iyalinsa. Haka nan ma'aikacin banki da ya buɗe wa mutum asusu ba tare da tantancewa ba, don kawai a cika adadin da manaja ya ɗora masa.

Ya 'yan'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da shaidu, da adalcin marubuci. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya kasance yana hana wanda bai san hukunce-hukuncen ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa sanin hukuncin sana'a wajibi ne a kan wanda ya shige ta. Idan kuwa sana'ar kullum tana fito da sababbin mas'aloli, ashe neman sanin ma ba zai yanke ba.

Ga misali. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mas'ala ta taso a kowace rumfa: abin da mai POS yake ɗorawa, ladan aiki ne ko kuwa sayar da naira da naira tare da fifiko? Da yawa daga malamai sun halatta lada gwargwadon wahala da hidima. Amma a ganina, idan ladan ya riƙa hauhawa ba don wahala ta ƙaru ba, sai don takardar ta yi wuya, to mutum ya kusanci babin da aka yi mana kashedi a kansa. Wanda ya karanta babin canji ya san inda zai ja birki. Wanda bai karanta ba, farashin maƙwabcinsa shi ne muftinsa.

Sai kuma maganar ci gaba a wurin aiki. A 2011, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya mu'amala da ruwa. Jaiz ya fara aiki a watan Janairu na 2012 da rassa uku, ɗaya a nan Kaduna. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko a 2017, na naira biliyan 100, don gina hanyoyi. Ga kuma kamfanonin takaful. Waɗannan wurare suna neman mutumin da ya haɗa abu biyu: ya iya lissafin banki, ya kuma san fiƙihun mu'amala. Masu ɗayan suna da yawa. Masu biyun kaɗan ne, kuma abin da ya yi ƙaranci shi ke da tsada.

Kada ku ɗauka canza suna ne kawai. A murabaha, sharaɗi ne banki ya mallaki kaya tukuna, su shiga ƙarƙashin lamuninsa, sannan ya sayar wa abokin ciniki da ribar da aka bayyana. Idan jami'i ya yi gaggawa, ya miƙa wa mutum kuɗi a hannu, ya cike takarda ya rubuta murabaha a kai, to bashi da ruwa ya bayar, sai dai ya naɗa masa rawani. Kuskuren jami'i guda yana iya ɓata ciniki, a tilasta wa banki ya fitar da ribar daga dukiyarsa. Wane shugaba ne zai ɗaga irin wannan jami'i?

Akwai kuma cinikin salam, wanda kamar don manomanmu aka yi shi. Ana biyan manomi kuɗin masara ko waken suya tun da damina, ya kawo amfani da kaka. Amma sai an ambaci nau'i, da ma'auni, da lokaci, kuma a biya kuɗin gaba ɗaya a wurin ƙulla ciniki. Malikiyya sun yi rangwamen jinkirin da bai wuce kwana uku ba. Ba a kuma ɗaure cinikin ga amfanin wata gona takamaimai, domin gonar tana iya ƙin yi, ko a hana mai ita shiga, kamar yadda muka gani da idonmu. Ma'ajin ƙungiya ko jami'in ƙaramin banki da ya ƙware a wannan babi, manoman Kuyello da Randagi da Kakangi su za su riƙa nemansa.

Dattawan cikinku suna tuna 2005, lokacin da aka haɗe bankuna 89 suka koma 25. Mutane da dama sun wayi gari babu kujera. A 2024 ma an soke lasisin bankin Heritage. Banki yana iya rufewa, amma abin da ke kanka da shaidar ƙwarewarka, da su za ka fita.

To ina ake samun karatun? Cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN tana da jarrabawa mataki-mataki, har da tsari na musamman ga ma'aikatan ƙananan bankuna. Masu aikin akanta suna da ICAN da ANAN, kuma dukkansu sun wajabta wa membobinsu halartar bita ko bayan sun ci jarrabawa, domin sun san ilimin yana tsufa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya sukutum ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi na Musulunci. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain tun 1991, wadda take tsara ma'aunan shari'a na wannan fanni, tana ba da shaidar ƙwarewa ga masu binciken shari'a da akantoci. Ɗalibanmu da suka yi Larabci su lura da wannan sosai, domin ana buga ma'aunan nan da Larabci, kun ga kun riga wasu da rabin tafiya. Turanci da lissafi suka rage muku. Wanda aiki ya hana shi barin gari, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa.

Sai dai in yi wata magana, ko da za ta yi ɗaci. Akwai masu zuwa bita don alawus da shinkafar rana: a sa hannu a rajista, a karɓi takarda, a rataye a bango. Ranar da mas'ala ta zo gaban teburi, takardar bango ba ta magana.

Na san za a kawo uzurin kuɗi da lokaci. Sanarwoyin Babban Banki kyauta suke a intanet, wayar da kuke kallon ƙwallo da ita za ta buɗe su. Ku haɗu ku goma ko goma sha biyu, ku ware dare ɗaya a mako: wanda ya fi ku Turanci ya karanta sanarwa ya fassara, wani malami ya ɗauki babi guda na ciniki a Risala ya warware, masu rumfa su kawo abin da ya faru da su a makon. Kuɗin jarrabawa kuwa a yi masa adashi, wanda lokacin rajistarsa ya fi kusa ya fara kwasa. Kada a bar 'yan'uwa mata a baya a wannan tsari. Matan aure da yawa suna da jari da adashi a cikin gida, kuma sun fi sakin jiki su faɗi sirrin dukiyarsu ga mace 'yar'uwarsu. Masu rumfuna da yawa kuma, da kuke ɗaukar yara aiki, ku ba su rana guda su je a koya musu, domin asusun da sunanku yake, kuma ku za a fara kira.

Waɗanda suke son shiga wannan halƙa su ba da sunayensu ga masu shirya taro kafin a tashi, tare da irin aikin da kowa yake yi, domin a san babin da za a fara da shi.