Kafin a Ce Na'urar Tanki Ta Lalace

Daga unguwar Aboabo har ta Asawase, gidaje da masallatai na tara ruwan madatsun Barekese da Owabi a tankunan roba. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a murfin tanki, tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta ƙirga lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo, ta faɗi yawan ruwa.

In lissafinta ya kauce, kada a yi gaggawar jefar da ita. A zafin digiri 20, sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, kowane ƙarin digiri kuma na ƙara masa kusan mita 0.6. Baƙin tanki da tsakar rana, iskar cikinsa zafi zau, sauti ya dawo da wuri, sai na'urar ta ce ruwa ya fi yadda yake. Ga gumin da ke taruwa a fuskarta, ga bututun da ke maido sauti kafin ya isa ruwa.

Masu gyara, don Allah ku ɗaura ta nesa da bango, tana kallon ruwa sak. Ku bar mata tazara ko tanki ya cika, ku haɗa mata ma'aunin zafi, sannan ku gwada da sanda kafin ku karɓi kuɗin mutane.