Motar Lantarki da Hawan Mambila

 An nemi mu yi magana a kan motar nan da ba ta shan fetur, wadda ake ɗura wa wuta kamar wayar hannu, da yadda za ta kaya tsakaninta da hanyarmu. Mu dai ba bakanikai ba ne, malaman makaranta ne da suka ajiye alli, amma lissafin da abin yake bukata bai wuce na 'yan aji shida ba.

Tambayar ba ta raha ba ce. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hauhawa har ta zarce naira 1,000 a shekarar 2024. Tun kafin nan an riga an fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Ikko a 2020, kuma a 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wani daga cikinku ya fara tunanin sayen irin wannan mota, ya ɗebo iyalinsa a cikinta ya nufo gida. Sai dai wanda ya sayar masa da ita a birni bai taɓa tsayawa a Mayo Selbe ya ɗaga kai ya dubi abin da ke gabansa ba.

Kowa a ɗakin nan ya san hanyar. An baro Jalingo, an wuce Bali, an huta a Serti, sannan daga Mayo Selbe a fara hawa, ana nannaɗe dutse kwana bayan kwana, kwari na hangame a gefe guda, har a fito Maisamari, a zarce Nguroje, a sauka Gembu. Tsaunin yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma abin da mota ke hawa daga gindinsa zuwa kansa ya haura mita 1,000.

To, ga lissafin. Batirin mota ana auna shi da yunit, irin wanda muke saye a mitar gida. Matsakaiciyar motar lantarki tana ɗaukar yunit 60 ko kusa da haka, tana kuma cin yunit 15 zuwa 18 a kowace kilomita 100 idan hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Amma ɗaga nauyi sama aiki ne na daban, kuma dokarsa ba ta san alfarma ba. Motar da nauyinta da fasinja da kaya ya kai tan 2, idan za ta hau mita 1,000, sai ta biya yunit biyar da rabi a kan hawan kaɗai, ban da na tafiyar, ban da ɗan abin da ke salwanta a cikin waya da inji. Wato dutsen zai karɓi kusan kashi ɗaya bisa goma na batirin, abin da zai ishe ta tafiyar kilomita 30 zuwa 35 a fili. Allon da ke gaban direba, mai nuna sauran tafiyar da ta rage, daga tuƙin da aka yi a baya yake yin hasashe. Don haka direban da ya iso gindin dutse allo na nuna masa kilomita 100 zai ga lambar tana zubewa fiye da yadda tayoyi ke juyawa. Motar ba ta lalace ba. Haraji take biya.

Ta fuskar ƙarfi kuwa, babu abin tsoro. Injin fetur da iska yake numfashi, kuma iska tana ƙara sirancewa yayin da ake yin sama, shi ya sa injin da ba shi da tabo yake asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Kafin a kai Nguroje ya rasa abin da ya kai kashi 15. Ƙara da tafasar lagireto, da yaron mota da ke dirowa da waji a hannu yana bin taya a guje, abubuwan da dukkanmu muka girma muna gani a jikin tsofaffin Land Rover ɗinmu. Injin lantarki bai damu da iska ba, kuma ƙarfinsa gaba ɗaya yana fitowa tun daga tsaye, ba sai an nemi giya ba. A Amurka akwai dutsen Pikes Peak da ake tseren hawansa, tafiyar kusan kilomita 20 mai kwana 156, a ƙare a tsayin mita 4,302. A 2018 wata motar lantarki ta Volkswagen, da direba ɗan Faransa Romain Dumas, ta haye shi cikin minti 7 da daƙiƙa 57, ta kafa tarihin da masu fetur ba su taɓa kafawa ba.

Amma mu mutanen dutse mun san ba hawa ne ke kisa ba. Gangara ce. Babu gidan da bai taɓa zuwa ta'aziyyar wanda birki ya ƙwace wa motarsu ba. Dalilin kuwa shi ne, yunit biyar da rabin nan da mota ta biya a hawa ba su ɓace ba, suna nan a jikinta kamar bashi, kuma wajen saukowa dole su fita ta wata kafa. A motar fetur, zafi suke zama. Zafin nan ya isa ya tafasa jarka uku na ruwa masu lita 20, a ƙaramar mota ke nan. A babbar mota mai tan 20 da ta ɗauko masara ko katako, sai a ninka sau goma. Direban da ya jingina da birki kaɗai, kafin ya kai rabin gangara ƙarafunan sun yi ja, man birki ya tafasa, ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko.

A nan ne motar lantarki ta zo da abin da ya burge mu. Waɗanda suka hau keken Raleigh mai fitilar dainamo za su tuna cewa da zarar an jingina kan dainamon da taya, fitila ta kama, feda kuma ta ƙara nauyi. Haka abin yake. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a gangara, injin sai ya rikiɗe ya zama janareto: tayoyi ke juya shi, shi kuma yana riƙe su, wutar da ya samar tana komawa batir. Motar tana saukowa a hankali, birki na hutawa da sanyinsa, lambar da ke allo tana ƙaruwa maimakon raguwa. Ba duka take dawowa ba, kusan kashi biyu bisa uku ne idan komai ya tafi daidai. A ƙasar Suwizalan akwai wata ƙatuwar tifa mai lantarki, nauyinta tan 45, da ta fara aiki a 2018 a wurin fasa dutse kusa da garin Biel. Tana hawa ba kaya, ta sauko da tan 65, kuma wutar da take tarawa a gangara tana biyan kaso mai yawa na hawan da za ta sake yi. A lura, kayanmu ma haka suke tafiya: shayi da masara da dankali da ayaba daga sama suke gangarowa.

Sai dai akwai tarko guda biyu, kuma saboda su muka amsa gayyatar yin wannan jawabi. Na farko, batirin da ya cika maƙil ba ya karɓar ƙari, kamar tulun da ya kai baki. Ɗan'uwanmu da ya kwana yana caji har kashi 100 saboda doguwar tafiya, ya iso bakin gangara batir bai ragu sosai ba, zai ɗaga ƙafa ya ji motar ba ta riƙe kanta yadda ya saba. Nauyin duka ya koma kan birki, ga shi motar ta fi takwararta mai fetur nauyi saboda batirin, ga kuma babu giya ta ɗaya ko ta biyu da zai koma. Hikimar matafiyi ta cika tanki kafin a tashi, a nan ta juya. Mai shirin gangarowa ya tsaya a kashi 80, ya bar wa dutse wurin zuba abin da zai mayar masa. Sanyin asuba ma yana rage wa batir saurin karɓar wuta, kuma mun san sanyin garinmu.

Tarko na biyu tsohuwar ɗabi'a ce ta wasu direbobinmu, ta sa mota a firi a gangara don tsimin mai. A motar fetur ganganci ne. A ta lantarki ganganci ne da asara a haɗe, domin firi yana raba taya da riƙon injin, ba birki na kyauta, ba wutar da ke dawowa.

Akwai ƙananan abubuwa da ba za mu daɗe a kansu ba. Batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, don haka ramuka da duwatsun da damina ke zubowa kan kwalta sun fi yi mata barazana, kuma mai ƙasa-ƙasa ba ta hanyarmu ba ce. Ba ta da ƙara, saniya da yaro ba sa jin zuwanta cikin hazo. Idan ta mutu a hanya ba a ɗaura mata igiya a ja ta kamar yadda muka saba, sai an ɗora ta a bayan wata motar, galan kuma ba ya cetonta.

Saura batun wutar kanta, wanda ke sa dattijo murmushin takaici. An shafe sama da shekara 40 ana yi mana albishir da madatsar ruwan Mambila. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar megawat 3,050, har yau ba mu ga ƙwai ɗaya da ta haska ba. Habasha, ƙasar tsaunuka kamar tamu, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, amma ita ta gina babbar madatsarta a kan kogin Nilu, ta ƙaddamar da ita a 2025. Mu abin da ke hannunmu rana ce da ƙananan rafuka. Faifan sola mai wat 500 yana ba da yunit 2 zuwa biyu da rabi a wuni mai haske, wato sai an jera 25 zuwa 30 kafin a cika mota ɗaya a rana ɗaya. Wanda ya ce zai yi caji da ƙaramin janareton gida mai kilowat 2, awa 30 zai yi yana ƙona fetur ɗin da ya gudo wa.

Mun ji ana raɗe-raɗin cewa ƙungiya ta tara kuɗi ta kafa wurin caji a cikin gari, a sa allo da sunayen masu gudummawa. Ba mu ƙi ba, kowa na son a ga alherinsa a ƙofar gida. Amma lissafin da muka yi yana nuna wani wuri daban. Motar da ta taso daga Jalingo, a gindin dutse take isowa da yunwa, a daidai lokacin da hawa zai nemi yunit biyar da rabi a kan na tafiya. Wadda ke sama kuwa gangara ce za ta ciyar da ita. Idan abin da za a tara na tasha ɗaya ne, shawararmu ita ce a kafa ta a Serti ko Mayo Selbe, a haɗa da rumfa da wurin cin abinci, tun da mai caji sai ya zauna, a kuma tura matasa biyu ko uku daga cikin bakanikanmu su koyo aikin, domin wutar da ke cikin batirin nan ta kai bolt 400, ba abin da ake taɓawa da sifana da ƙarfin hali ba ne. Muna roƙon kwamitin ayyuka ya sa wannan cikin abin da zai tattauna a zamansa na gaba.

 A sauka lafiya.