Bayan An Aje Ƙwaya: Jawabi Ga 'Yan Uwa Mata Da Iyalansu

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Sabon Birni da Isa, da mazajen da sunka rako mu, sannunku da zuwa.

Yau ranar murna ce, amma akwai maganar da ta daɗe tana cin mu a ɗaki, mun ga ya kamata mu fito da ita fili. Maganar ɗiyanmu ce da sunka faɗa shan ƙwaya, kuma sunka yi ƙarfin halin bari.

Kada wata ta sunkuyar da kai. Binciken da anka yi da hannun Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma tiramol bai bar kasuwa ba. Mu nan bakin iyaka, ga tashin hankalin 'yan bindiga, ga gona ta gagara zuwa, yara da yawa sun fara sha ne don su danne tsoro ko su jure aikin ƙarfi.

To, yaro ya bari. Sai mu ce alhamdu lillahi, an gama. Wallahi nan ne aikin ke farawa.

Makon farko jiki ke shan wuya: zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi, hamma, rashin barci. Wannan yakan lafa. Abin da ke biyo baya shi ke rikita gida. Da safe yana dariya, da azahar ya fasa kwano, da dare ya shige ɗaki yana kuka. Tuwon da yake so ya ce ba ya jin daɗinsa. Uwa ta ce rashin godiya ne, maƙwabciya ta ce iska ce.

Ga abin da ke faruwa. Ƙwaƙwalwa ta saba samun daɗi da natsuwa daga ƙwaya, har ta rage yin nata. Da anka janye, sai ta ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ta koma daidai. Kuma duk abin da ƙwayar ta binne, tsoro ne, kunya ce, ko baƙin cikin wanda anka rasa, yanzu yake tasowa. Warkewa ce ke tafe da zafinta.

Me za mu yi?

Na farko, mu daina gori. “Ai dama kai...” ta mayar da yara da yawa inda sunka fito. In ya hasala, ki bar shi ya huce, sannan a yi magana.

Na biyu, a tsara mai yini. Lokacin tashi, na abinci, na kwanciya. A ba shi kiwon akuya ko ban ruwa a fadama. Kuɗin adashi kuwa, kada a damƙa mai tsaba tukuna. A saya mai kayan sana'a.

Na uku, ku riƙe wannan da kyau. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ba ya ɗaukar yawan da ya saba. In ya koma ya haɗiye kamar da, numfashinsa na iya tsayawa, tiramol kuma na kawo farfaɗiya. Saboda haka ya san in ya zame zai iya gaya muna, ba tare da duka ko kora ba.

Na huɗu, in ya fara cewa gara mutuwa, ko ya kwana uku bai runtsa ba, ko yana jin muryoyin da ba mu ji, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti mafi kusa, su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita abin da yake sha da yawansa.

In ɗiya mace ce, ko matar aure, haka dai za a yi mata. Ɓoye ta a ɗaki don gudun bakin mutane ba ya warkar da ita.

Ke kuma uwa, kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Ki zaɓi ɗaya cikinmu mai riƙon sirri, ku riƙa karɓar juna.

Allah Ya shirya muna zuri'a, Ya maido muna da zaman lafiya a ƙasar Gobir.