Ɗaki Mai Taya Biyu: Yadda Ake Haɗa Tirelar Yawon Daji a Gida

Yau maganar tirela za mu yi, amma ba irin wadda ke ɗauko siminti daga Obajana ba. Wata 'yar ƙarama ce da mota ke ja, a ciki akwai katifar mutum biyu, a bayanta kuma kicin. Amurkawa na kiranta da sunan ɗigon hawaye, saboda gabanta a kumbure yake, bayan kuma ya tsuke.

A Amurka ta yi tashe tun shekarun 1930, lokacin da mujallun masu aikin hannu ke buga zanenta mutum ya haɗa a garejinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai ga ragowar alminiyam na jiragen yaƙi da tayoyin jif a arha, abin ya ƙara bunƙasa. Girmanta na asali ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Me ya sa? Ai girman fallen katakon filawud ke nan. Ba yanka, ba ɓarna.

To, mu fara daga ƙasa. Mai walda zai haɗa maka firam na ƙarfe, amma inda za a ɗaura sandar tayoyi shi ne maganar rai da mutuwa. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan harshenta, wato inda ta maƙale da mota. Idan duka nauyinta kilo 500 ne, harshen ya ɗauki kilo 50 zuwa 75. In ya gaza haka, da zarar ka taka mota sai ta fara lilo hagu da dama, har ta iya jan motar ta kifar. Kuma ku lura, kicin a baya yake, can tukwane da jarkar ruwa suke. Lita 20 na ruwa kilo 20 ne fa. Shi ya sa ake matsar da tayoyin baya kaɗan da tsakiya, a kai batir gaba.

Sai kicin ɗin. Murfin baya ne ake ɗagawa sama ya zama rumfa, ka tsaya a waje ka yi girki. Ni a ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a duk ginin, don wuta da hayaƙi ba su shiga inda ake kwana. Ɗakin ƙarami ne sosai. Kunna risho ko gawayi a ciki daidai yake da kwana da janareto a ɗaki, kun dai san labarin. Tukunyar gas ma a waje ake ɗaure ta. Ciwon kan murfin nan shi ne ruwan sama, ta wajen hinjis yake shiga, ya jiƙa bakin katako ya ruɓar da shi. Don haka a sa doguwar hinjis mai leɓen da ke kore ruwa, a bi gefuna da roba, a shafe duk bakin filawud da gam mai hana ruwa kafin a rufe.

Yanzu wayarin, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wutar tirela bolt 12 ce ta batir, sai mutane su raina ta tunda ba ta jan mutum. Gaskiya ba ta ja, amma tana ƙona ɗaki ƙurmus. Ga lissafin: na'ura mai wat 120 a wutar gida ta bolt 230 kusan rabin amfiya take ja. A bolt 12 kuwa amfiya 10 cur. Siririyar waya ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi a cikin bangon katako inda ba ka gani. Saboda haka waya mai kauri, kuma mai silli-silli a ciki, don mai ƙwaya ɗaya girgizar hanya na karya ta. Babban fiyus ya zauna dab da kan batir, sannan kowane layi da nasa: fitilu daban, fanka daban, wurin cajin waya daban. Fiyus waya yake karewa, saboda haka da kaurin wayar ake auna shi. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Kuma kafin ka rufe bango, ɗauki hoton layukan da wayarka, don wata rana za ka zo ɗaura ƙusa.

Batir mai amfiya-awa 100 ya isa? Fanka mai jan amfiya 2, awa 8 na dare, ta ci 16. In batirin gubar nan ne na gargajiya, rabinsa kawai za ka sha in kana son ya yi ƙarko, wato 50. Na litiyam ya fi bayarwa kuma ya fi sauƙin nauyi, sai dai aljihu ya ji a jikinsa. Ƙaramin faranti na sola a rufi zai mayar da abin da aka ci da rana.

Kabad kuwa, ku gaya wa kafinta ba na ɗakin amarya ba ne. Katako marar nauyi, gam tare da sukuru maimakon ƙusa, kuma kowace durowa da sakatarta. In ba haka ba, ramin farko da za ku faɗa, ku buɗe murfi ku tarar da manja ya yi wanka da shinkafa.

Abu ɗaya da masu gini ke yawan tsallakewa: tagar iska. Mutum biyu a rufaffen akwati, kafin asuba numfashinsu ya jiƙa rufi, iska kuma ta yi ƙaranci. A huda rufin a sa fanka mai fitar da iska, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe da ragar sauro, ko da sanyi ake.