Zangunan Ɗan Adam Kamar Yadda A Ke Ganinsu a Zauren Alƙali



Ɗan Adam matafiyi ne, zango zango ya ke yi. Ran da ya kwana 7 a duniya a yanka rago, a raɗa masa suna, wanzami ya yi aski, shi kuwa bai san ana yi ba. Daga nan sai allo da bulalar malam, kamar ba za su wuce ba.

Zango na biyu balaga. In alama ba ta bayyana ba, a mazhabar Imamu Malik sai ya cika shekara 18, sa'an nan alƙalami ya hau kansa. A zamanin En'e, kafin a rushe ta cikin 1976, malamin hakimi ya kan sa sunan baligi a littafin haraji. Saurayi ya yi ta gunaguni a fili, a zuci kuwa murna ya ke yi, don an lissafa shi cikin maza.

Tsakiyar tafiya ita ce mai ƙura. Ga aure, ga bashi, ga gardamar iyakar gona. Magidanci ya rantse ba ya barin taki guda na ƙasa, sai ka ce da shi za a naɗe ta.

Kwanci tashi ƙarfi ya ƙare, a wancan zamani sai a cire sunansa daga littafin haraji. Sauƙi aka yi masa, amma ba kowane tsoho ke komawa gida da fara'a ba.

Zangon ƙarshe ba ya halarta, kayansa ke zuwa a madadinsa: riga biyu, buzu, jaki, da rumbun dawa. A fid da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartad da wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi, sa'an nan a raba saura. Matarsa ta sami tumuni in ya bar ɗa ko 'ya, in babu ta sami rubu'i, ta yi takaba wata 4 da kwana 10. In kuwa tana da ciki sai a dakatad da rabo, manya duka su zauna jiran wanda bai iso ba tukuna. In ya faɗo ya yi kuka ya ci gado ke nan, tun ba a raɗa masa suna ba.