Man Birki da Rayukan Mutanen Karkara a Arewacin Kano



Ba sai an tsaya bayyana wa mahalarta wannan lacca yadda ƙasar arewacin Kano take ba, domin tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu kan yadda gona ke manne da gona a kewayen birnin, kuma duk wanda ya bi hanyar Daura ta Dambatta, ko hanyar Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ya ga haka da idonsa. Abin da ya shafi wannan lacca shi ne, kafin buhun gero ko wake ko gyaɗa ya isa kasuwar Dawanau, sai ya fara tafiya a kan burji ko rairayi, a bayan a-kori-kura ko adaidaita sahu ko tsohuwar Hilux, kuma dukkan waɗannan da ɗan ruwan da ake kira man birki suke tsayawa. Baburan acaba irin su Boxer ba sa cikin wannan magana, saboda birkinsu na waya ne da sandar ƙarfe. Iƙirarin wannan lacca guda ɗaya ne: ciko da fitar da iska, waɗanda su ne iyakar abin da ake yi wa man birki a yawancin garejojin karkara, ba sa maye gurbin juye tsohon mai gaba ɗaya a zuba sabo, kuma masu tsare hanya da masu koyar da kanikanci sun daɗe suna tsallake wannan batu.

Yadda birkin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Tun ƙarni na 17 Blaise Pascal, mutumin Faransa, ya bayyana cewa idan aka matsa ruwan da ke cikin rufaffen mazubi, matsin zai isa ko'ina a cikinsa ba tare da ya ragu ba. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura fistin da ke cikin babban famfon birki, wanda kanikawa ke kira masta, shi kuma ya tura mai ta siraran bututai zuwa kowace ƙafar mota, inda wasu ƙananan fistoci ke danna abin gogawa a jikin ƙarfen da ke juyawa da taya. Dabarar ta dogara ga abu ɗaya, wato ruwa ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa, haka ma tururi, saboda haka da zarar ɗayansu ya sami wuri a cikin bututu, ƙarfin ƙafar direba zai ƙare wajen matse shi, birki ya yi laushi ko ya nutse har ƙasa.

A nan ne ya kamata a daɗe, domin alƙaluman da ke tafe su ne hujjar da ba ta da amsa. Man birkin da aka fi sayarwa, wanda ake gani an rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin robarsa, bisa ma'aunin ma'aikatar sufuri ta Amurka, ana yin sa ne da sinadarin da ake kira gilaikol, wanda ɗabi'arsa ce ya zuƙi danshi daga iska, kamar yadda gishiri ke jiƙewa a kwano da damina ko da ba a zuba masa ruwa ba. Danshin yana shiga ta murfin tankin mai, yana ratsa tiyon roba sannu a hankali, yana kuma shiga duk lokacin da aka buɗe murfi don a yi ciko. Ma'aunin ya ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwan da ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ake buƙata daga gare shi digiri 140 ne kawai. Sabon DOT 4 yana kan 230, wanda ya sha ruwa yana kan 155. Nau'in DOT 5.1 yana kan 260, ya sauko 180.

A dubi tazarar da kyau. Ruwan da bai kai kashi 4 cikin ɗari ba ya zaftare digiri 65 daga DOT 3, ya zaftare 75 daga DOT 4, ya zaftare 80 daga DOT 5.1, wanda ke nuna cewa sayen mai mai tsada ba ya kuɓutar da wanda ya bar shi ya tsufa a mota. Hasali ma tsohon DOT 4 da ya sha ruwa ya fi sabon DOT 3 saurin tafasa da digiri 50. Ruwa tsantsa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma wannan shi ne hukuncin ruwan omo da wasu ke ɗurawa idan mai ya ƙare musu a daji. Birki aikinsa mayar da gudu ya zama zafi, kuma gwargwadon nauyin kaya gwargwadon zafin da yake haifarwa. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima a ranar kasuwar Dambatta, tana taka birki a kowane rami, da kowane garken shanu, da kowane tudun rage gudu, a cikin zafin Afrilu da ke kai digiri 40, za ta iya tafasa tsohon mai a bakin ƙafa. Direba ya taka ya ji wayam. Bayan awa guda tururin ya huce ya koma ruwa, wanda ya zo bincike ya taka birki ya ji yana kamawa, sai a rubuta cewa gudu ne ya jawo hatsarin.

Wannan ya sa dole a raba ayyuka biyu da ake haɗawa. Fitar da iska yana kawar da kumfar da ta shiga bututu bayan an kwance wani sashe ko an sami yoyo, kuma idan an gama, yawancin tsohon mai yana nan inda yake. Juyewa kuwa shi ne a kori tsohon mai duka da sabo. Ana fara share ƙurar murfin tanki kafin a buɗe, a zuƙe baƙin man da ke ciki da sirinji, a cika da sabo daga robar da ba a taɓa buɗewa ba. Sai a tafi ƙafar da ta fi nisa da masta, in dai kamfanin motar bai tsara wani jeri ba, a cusa farar tiyo a bakin ɗan notin fitar da iska, a tsoma ɗaya bakin a kwalba mai ɗan mai a ciki. Maigidan gareji yana tsugune da sifana, yaronsa yana kan kujerar direba. «Taka! Riƙe!» Sai ya sassauta notin kaɗan, mai ya tsarto baƙi ƙirin da kumfa, birkin ya nutse ƙarƙashin ƙafar yaron. Sai ya ɗaure tukuna, sannan ya ce «Saki!», domin idan yaron ya ɗaga ƙafa noti yana buɗe, iska ce za ta koma ciki. Haka za a yi ta maimaitawa har man da ke bin tiyo ya fito garau babu kumfa, ana leƙa tanki kada ya ƙafe, sannan a wuce ƙafa ta gaba. A tsohuwar mota yana da kyau a sa guntun katako ƙarƙashin abin takawa, don kada fistin ya zarce zuwa inda tsatsa ta ci ya yage roba. Baƙin mai na inji ko na giya kuwa haramun ne a wannan tanki, saboda yana kumbura robobin ciki. Haka nan DOT 5, wanda da silikon ake yin sa, ba a gauraya shi da sauran.

Akwai masu cewa ƙasar Kano busasshiya ce kuma shimfiɗaɗɗiya, don haka wannan damuwar mutanen tuddai ce. Amsarsu ita ce watan Agusta, lokacin da motocin ƙauye ke ratsa taɓo da rafuka ruwa har gindin taya, kuma ruwan da ya shiga mai da damina hunturu ba ya fitar da shi, sai dai ya zauna yana cin ƙarfe daga ciki. Akwai kuma masu kukan tsada. Lita ɗaya tana isar ƙaramar mota, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba, balle diyyar rai.

Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988, wayar da kan direbobi ya fi karkata ga gudu da taya da lodi, kuma waɗannan gaskiya ne. Sai dai mai tsare hanya da ya ce a taka birki ya ga jar fitila ta kama, ƙwan fitila ya gwada, ba birki ba. Malaman da ke kwashe zango guda kan inji su ba birki darasi ɗaya su ma suna da kaso a wannan sakaci.

Shawarwarin wannan lacca huɗu ne. Na farko, kamfanonin motoci da yawa suna cewa a juye mai duk shekara biyu, amma motar haya da ke bin hanyoyin karkara a juye mata duk shekara, da ɗaukewar ruwa, kafin jigilar kaka ta kankama. Na biyu, bakanike ya rubuta wata da shekara a jikin tanki, kuma shugabannin tasha su duba wannan rubutu kafin su ba mota layi. Na uku, dillalan kasuwar Ƙofar Ruwa da masu shaguna a garuruwa su riƙa kawo ƙananan robobi masu hatimi, a daina sayar da mai tsiyaye daga buɗaɗɗen galan. Na huɗu, cibiyoyi irin su Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta su shirya wa yaran gareji horo na yini ɗaya, su kuma tanadi ɗan abin gwada ruwa a cikin mai, wanda bai fi alƙalami girma ba, don a ajiye ɗaya a kowace tasha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran sabuwar doka ko kasafin kuɗi, kuma waɗanda za su iya fara su a kakar bana suna zaune a wannan zaure.