Hanyar Fatake da Asalin Gidajen Kutemeshi



Wanda duk ya ke so ya san asalin gidansu a ƙasar Kutemeshi, sai ya fara tambayar hanyar da kakansa ya biyo. Gama tun zamanin da Birnin Gwari a kan gwadaben fatake ta ke. Ayarin Kanawa ya kan biyo ta Zariya, ya ratsa dajin nan, ya ƙetare Kwara, har Salaga ta ƙasar Gwanja. Su kan kai kanwa da tufafi, su komo da goro bisa jakuna. Ta nan kuma Bature Clapperton ya wuce zuwa Kano cikin 1826.

Da jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, sai goro ya koma biyowa ta Ikko, ayari ya dinga raguwa, waɗansu fatake suka zaune a zangonsu suka kama noma.

Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya zauna da dattawa, ya rubuta sunan madugu, da garin da aka taso, da zangon da aka sauka. Sa'an nan ya gwada da littattafan harajin En'e da rahotannin Di'o da ke ajiye a Kaduna.

Aikin nan kuwa ba na jinkiri ba ne, domin ɓarayin daji sun tashi ƙauyuka da yawa, dattawa sun warwatsu. Dattijon da ya rasu ba a tambaye shi ba, ya tafi da labarin gidansa.

Allah ya ba ƙasa lafiya, ya ja zamanin Sarki, amin.